Finjalin da Baba Ya Ajiye

Hatimi uku ne a jikin takardar, ni na ƙirga su da yatsana. Alƙaliyar da ta sa hannu mace ce mai tabarau a goshi, ba ta da lokacin dogon zance. Ta karanta rahoton likita, ta ce wa ƙanwata Rudaina ta juyo mata da kunnen hagu, ta ga audugar da ke ciki, sai kawai ta jawo alƙalami. Abin da ta rubuta a fili yake: Mu'utaz, mijin Rudaina, kada ya kusance ta, kada ya taka layin gidan mahaifinmu, kada ya je kantin maganin da take aiki, kada ya kira ta a waya, har kwana talatin. In ya saɓa, a kama shi a tsare.

Na fito daga ɗakin shari'ar ina jin kamar in yi guɗa. Shekara huɗu ina jiran in ga wani ya rubuta wa mutumin nan "kada". Sau biyu a baya muka kai shi wurin 'yan sanda, sau biyu ya sa hannu a takardar alkawari yana murmushi, aka ba shi shayi, aka ce mu yi haƙuri. A karon farko har da ni cikin masu ce mata ta koma, kuma wannan abu yana cina har yau. A karo na uku ne ya kai mata marin da ya fasa mata kunne, saboda ta bar wayarta a kashe lokacin da take ba wani tsoho maganin hawan jini.

Murnata ba ta kai bakin ƙofar kotu ba. Akawun da ke zaune bayan taga ya karɓi takardar, ya buga mata lamba, ya cusa ta cikin wani kwali.

"Saura isarwa," in ji shi.

"Wace isarwa?"

"Sai masinjan kotu ya damƙa masa a hannu, ya sa hannu cewa ya gani. Kafin nan takarda ce kawai, malama."

"To kwana talatin ɗin daga yaushe za a fara ƙirga su?"

"Daga yau mana. Ba yau aka sa hannu ba?"

Ni Intisar, shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, amma ban taɓa cin karo da lissafi irin wannan ba. Kwanaki suna tafiya, takarda ba ta aiki. Na faɗa masa haka, da ƙarfi, har masu sayar da tambarin kotu a baranda suka leƙo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya rubuta doka ba, ya kira na bayana.

Masinjan, Fawwaz sunansa, wani siriri ne mai jaka baƙa da ta ga duniya. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa masa. Ƙauyuka goma sha ɗaya yake zagayawa a bas, takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya. Sau uku ya je gidan su Mu'utaz. Gidan irin namu ne na nan, uba ya gina ƙasa, kowane ɗa ya yi aure a ɗora masa hawa a sama. Hawa huɗu, ƙofa ɗaya, kuma a bakin ƙofar nan uwarsu take wuni tana ɓare wake. Zuwan farko ta ce ɗanta ya tafi Akaba, garin tashar jiragen ruwan ƙasarmu, da babbar mota ɗauko kaya. Zuwa na biyu ta ce yanzun nan ya fita, da ya yi sauri da sun haɗu. Zuwa na uku ta ba Fawwaz ɓaure a leda, ta tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa. Mai shagon da ke kallon gidan bai san wani Mu'utaz ba. Mai wankin mota ma bai san shi ba, alhali motar Mu'utaz ɗin yake wankewa a lokacin.

Shi kuwa wanda ya tafi Akaba, kullum ƙarfe biyu na rana sai ga farar ƙaramar motarsa a tsallaken kantin magani. Ba ya fitowa, ba ya magana. Ya sauke gilashi rabi, ya kunna taba, ya zuba wa ƙofar ido. Rudaina takan ba mutane canji idonta yana kan titi. A kwana na tara na bar aji na biyu da aikin gida a allo, na hau tasi, na kira 'yan sanda daga cikin kantin. Sun zo, ba laifi, cikin minti ashirin. Babbansu mai igiya uku ya duba kwafin takardar da ke jakata, ya juya bayanta.

"Ina sa hannunsa?"

"Bai sa ba. Ɓuya yake yi."

"To ai ba ta fara aiki ba, 'yar'uwa. Titi kuma na kowa ne."

"Ga shi can a mota! Ka tsallaka ka ba shi ya sa mana!"

"Wannan kwafi ne. Ta ainihin tana wurin masinja, kuma aikinsa ne ba namu ba. In na ba shi, lauyansa zai yi watsi da ita gobe."

Na kira Fawwaz. Yana wani ƙauye bayan tsauni, yana jiran bas ta cika. Kafin ya iso ƙarfe huɗu ta wuce, Mu'utaz ya gama tabarsa ta shida, ya ɗaga wa ɗan sandan hannu, ya ja motarsa a hankali ya tafi. Ɗan sandan ma ya ɗaga masa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce gaisuwa ce aka yi masa, ya ƙi amsawa?

Haka muka ci kwana goma sha biyar. Kowace safiya ina soke rana ɗaya a kalandar kicin da jan biro, kamar mai jiran haihuwa, sai dai ni ragewa nake yi.

A rana ta goma sha shida wayar Baba ta yi ƙara yana tsakar gida yana yi wa itacen zaitun ɗinsa aski. Na ji yadda muryarsa ta canza, ya miƙe tsaye sosai kamar mai wayar yana ganinsa. "Gidanka ne, Abu Mish'al. Marhabin da ku, da wanda duk kuka zo da shi." Da ya ajiye, ya daɗe yana goge almakashi da gefen rigarsa kafin ya dube ni.

"Gobe bayan la'asar za su zo shan gahawa. Ki soya sabuwa."

Abu Mish'al shi ne babban dangin su Mu'utaz, dattijon da aka ce ya kashe rigimar jini bakwai da bakinsa. In irinsa ya ce zai zo shan gahawa, biko ne. Za a zuba masa finjali, ba zai sha ba, zai ajiye a gabansa ya faɗi abin da ya kawo shi. Finjalin zai zauna nan yana hucewa har sai mai gida ya ce, "Sha gahawarka." In ya faɗa, magana ta ƙare, an ba da abin da aka zo nema, babu wanda ya isa ya warware. Baba kuwa, Abu Nayif da kowa ya sani, abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya gaji gidan nan gahawa ba ta taɓa hucewa a gaban baƙonsa ba.

"Baba, me za ka ce musu?"

"Zan ji abin da suka zo da shi."

"Ka san abin da suka zo da shi. Jaka suka zo ɗauka, da mai jakar."

"Intisar, mutum ashirin ne. Masu furfura. Wasu tare muka yi aikin soja. In dubi idonsu in ce me?"

"Ka ce kunnen 'yarka!"

"Ki rage murya."

"Wa zai ji? Ita dai ba za ta ji ba."

Bai mare ni ba, bai taɓa marin ɗayanmu ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan da Baba. Mutumin da ya goya Rudaina a kafaɗa zuwa makaranta bayan rasuwar Mama, wanda ya yi kuka a asibiti ranar da aka duba kunnen, shi ne kuma finjali ɗaya zai durƙusar da shi. Ya ɗauki almakashinsa ya koma kan zaitun, yana yanke rassan da ba su yi masa komai ba.

Ina cikin soya gahawar ne abin ya faɗo mini. Biko ba ya yiwuwa sai da mijin. Dole ya zo, dole ya sumbaci kan Baba a gaban mutane. Kwana goma sha shida hukuma tana neman Mu'utaz ta rasa, ga shi gobe zai kawo kansa ɗakin baƙinmu, ya zauna, ya tuɓe takalmi. Na sauke kaskon, na kira Fawwaz.

"A tsakiyar biko, malama? A gidan mahaifinki? Kin san me za a ce?"

"Na san me za a ce. Kai ka san me za a yi mata in ta koma?"

Ina jin ƙarar bas a bayansa. Can ya ce zai zo, amma in tabbatar ba a yi masa duka ba, domin albashinsa bai kai kuɗin ɗori ba.

Na gaya wa Rudaina. Ta ce, "Yaya, Baba ba zai yafe miki ba." Na ce na ji, zan ɗauka. Ita mai sanyi ce tun tana ƙarama, irin mutanen da za ka taka su su ba ka haƙuri. Ban san me ke ranta ba, kuma gaskiya tsoro nake ji kada Baba yana buɗe baki ta ɗauko jakar da kanta.

Washegari motoci bakwai suka cika layinmu. Daga tagar kicin na ƙirga jajayen rawuna ashirin da biyu, da Mu'utaz a tsakiya cikin sabuwar riga, kansa a sunkuye kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ni da Rudaina muka tsaya a lungun da ke bayan ɗakin baƙi, inda ƙofar ba ta rufuwa sosai tun da damina ta kumbura ta. Na ga Baba ya ɗauki butar gahawa da hannun hagu, ya zuba a finjali, ya miƙa wa Abu Mish'al. Dattijon ya karɓa, ya shaƙi ƙamshin, ya ajiye a kan tebur a gabansa.

A daidai nan Fawwaz ya yi sallama. Na ga ya shigo da jakarsa a hammata, ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan mai jawabi.

"A'a! Fawwaz ɗan Nawal? Zo nan, ɗan ƙanwata! Yaushe rabonka da gidana, mara kunya?"

Ashe Abu Mish'al kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa. A garin nan in ka jefa dutse sai ya faɗa kan ɗan'uwan wanda kake ƙara. Fawwaz ya je ya sumbaci hannun dattijon, aka matsa masa, ya zauna a ƙarshen layi kusa da takalma, ya ɗora jakar a cinya ya rungume ta. Na yi ta ɗaga masa hannu ta tsagar ƙofa. Ya gan ni sarai, ya mayar da idonsa kan darduma.

Abu Mish'al ya iya magana, Allah ya ba shi. Ya fara da kakan Baba da irin karamcinsa, ya bi ta kan zumuncin gidajen biyu, ya zo kan shaiɗan da ke shiga tsakanin miji da mata. Kotu kuwa, in ji shi, wurin waɗanda ba su da manya ne, su kuma alhamdu lillahi suna da manya. Ya ce yaron ya yi kuskure, ya yi nadama, kwana goma sha bakwai ba ya cin abinci. Ni da na san yawan tabar da yake sha a tsallaken kanti, sai da na ciji mayafina.

Baba ya yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsa ba. Ya gyara murya ya ce, "Abu Mish'al, an kashe wa 'yata kunne. Likita ya ce ba zai dawo ba."

Na ce a raina, yauwa Baba, tsaya nan.

"Kunnenta a wuyana," in ji dattijon, yana dafa ƙirji. "Daga yau 'yata ce. In ya sake ɗaga mata hannu, ni ya ɗaga wa, kuma ga shaidu ashirin. Tashi, kai, ka sumbaci kan surukinka."

Mu'utaz ya tashi, ya durƙusa, ya sumbaci kan Baba, har da share ido. Sannan kowa ya bar aikin ga finjali. Tururin da ke tashi daga cikinsa ya ragu, ya zama siriri, ya ɗauke. Wani tsoho ya yi tari. Wani ya ce, kamar da kansa yake, "Gahawar Abu Nayif tana hucewa." Na ga wuyan Baba ya jiƙe da gumi, na ga yana kallon finjalin nan kamar jariri ne aka ajiye a rana.

"Sha gahawarka, Abu Mish'al," in ji shi. "Abin da kuka zo nema kun samu."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Buta ta zagaya, kowa ya sha, har da Fawwaz, takardar alƙaliya tana cikin jaka a cinyarsa. Rudaina ta ja hannun rigata. Ta manna kunnen dama a ƙofa tun farko, amma hayaniyar ta rufe mata.

"Yaya, me Baba ya ce?"

"Ya ce su sha."

Ta jingina da bango. Ni kuwa wani abu ya tashi mini tun daga ƙafa. Tiren kunafa, kayan zaƙin da muke ba baƙi, yana nan a kan kujera, an tanada don bayan sulhu. Na sunkuce shi, na tura ƙofar da ƙafa, na shiga. Tun da aka gina ɗakin nan mace ba ta taɓa shigarsa da maza a ciki ba, sai dai ta miƙo daga waje. Na dire tiren a tsakiya har sai da cokula suka yi tsalle.

"Fawwaz! Gahawa ka zo sha, ko aikin hukuma ya kawo ka?"

"Intisar!" in ji Baba, ya miƙe rabi.

Fawwaz ya yi fari fat. Ya buɗe jakar, ya zaro takardar, ya riƙe ta kamar tana da zafi. Ya ce, muryarsa can ƙasa, wata 'yar takarda ce daga kotu, ta Mu'utaz, sa hannu kawai ake so, amma ba lallai yau ba, zai iya dawowa.

Na ɗauka za a yi mana kaca-kaca. Sai na ji Abu Mish'al yana dariya, dariya ta gaske, yana goge gemu.

"Wannan ce malamar lissafin? Masha Allah, Abu Nayif, namiji ka haifa ba ka sani ba. 'Yata, an riga an sha gahawa. Wace takarda kuma bayan gahawa?" Ya juya ga Mu'utaz, ya zaro alƙalami daga aljihunsa na ƙirji. "Karɓi. Sa masa hannu ka sallami ɗan ƙanwata, kada a rage masa albashi saboda kai. Ran Lahadi, da kotu ta buɗe bayan hutun mako, Abu Nayif zai kai 'yarsa ta janye, shi ke nan."

Mu'utaz ya ɗan yi jim. Amma babbansa ne ya ba shi umarni, a gaban mutum ashirin, kuma shi ma a ransa magana ta ƙare. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya zana sunansa da wata doguwar jela, ya dube ni yana murmushi. Fawwaz ya duba agogo ya rubuta lokaci a ƙasa: biyar saura minti takwas. Na ga ya rubuta, domin a kansa nake tsaye.

"To, a ce wa amarya ta fito da kayanta," in ji Abu Mish'al.

Ba sai an kira ta ba. Rudaina tana bakin ƙofa, babu jaka, waya ce a hannunta.

"Fawwaz, yanzu takardar ta fara aiki?"

Ya dubi takardar. "Ta fara."

"Me ta ce game da gidan nan?"

"Ta ce... kada ya taka layin."

"To ga shi a cikin ɗaki. Na ba shi minti biyar, albarkacin furfurar da ke nan."

"Rudaina," in ji Baba, "na riga na ba da magana."

"Na sani, Baba. Ba ni na zuba ba, ba ni na ce a sha ba. Sunana ne a takardar, ni kaɗai zan iya janye ta, kuma ba zan janye ba."

Mu'utaz ya zabura, na ga hannun nan ya tashi kamar yadda ya saba, sai biyu daga cikin mutanensa suka riƙe shi. Kowa ya gani. Abu Mish'al ma ya gani, amma ba wannan ne ya dame shi ba. Ya miƙe a hankali, ya gyara alkyabbarsa, ya dubi Baba daga sama har ƙasa.

"Abu Nayif, da ka faɗa mana gidan ba a hannunka yake ba, da ba mu sha ba."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, babu mai sallama. Motoci bakwai suka tashi. Kunafar tana nan ba wanda ya taɓa, sai Fawwaz da ya tsaya neman takalminsa ƙafa ɗaya, yana cewa mun kashe shi, mahaifiyarsa ba za ta sake yi masa magana ba.

Kwana goma sha uku suka rage mana daga cikin talatin, kuma na yarda, sun yi aiki. Farar motar ba ta sake tsayawa a tsallaken kanti ba. Rudaina ta fara cin abinci. Amma Baba ya daina zuwa masallacin layinmu, sai ya hau bas zuwa na bakin kasuwa inda ba a san shi ba. An yi bikin ɗan abokinsa, ba a aiko masa ba. Bai yi mana faɗa ba ko sau ɗaya, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya yi shi ne wannan. Washegarin bikon na kai masa gahawarsa ta safe a ƙarƙashin zaitun, kamar kullum. Ya karɓa, ya shaƙa, ya ajiye a kan ɗan teburin da ke gabansa, ya dubi Rudaina da ke shanya. Ya zauna har finjalin ya huce, ya tashi ya bar shi. Na ɗauka mantuwa ce. Da ya maimaita a rana ta biyu na gane: Baba biko yake yi a gidansa, wurin 'yarsa, yana jiran ta ce masa ya sha. Mutumin da shekara hamsin bai buɗe ido ba tare da gahawa ba. Kansa ya yi ta ciwo, hannunsa ya fara rawa, ni kuma kullum ina zubar da finjali a magudana ina zagin duk wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada. Rudaina takan shige banɗaki ta buɗe famfo don kada mu ji kukanta.

Ranar da ya rage kwana biyu muka shirya komawa kotu neman sabuntawa. Na riga na je na tambayi akawun nan na bayan taga, ya ce ai mai sauƙi ne, alƙaliya za ta ƙara, sai dai sabuwar ma sai an isar, ya sa hannu. Na tambaye shi ko yana ganin Mu'utaz zai sake zuwa shan gahawa gidanmu. Ya ce bai gane ba, ya kira na bayana.

Da safen na kai wa Baba finjalinsa, ya ajiye. Rudaina ta fito cikin shirinta, takardun likita a leda. Maimakon ta wuce ƙofa sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta karɓi butar daga hannuna, ta zuba wa kanta, ta ajiye nata finjalin daf da nasa.

"Ni ma da buƙata na zo, Baba. Ka raka ni kotu. Ba sai ka yi magana ba, ka zauna a bayana kawai, alƙaliya ta ga ina da uba."

Finjali biyu suna tururi a kan tebur ɗaya. Na tsaya da tire a hannu ina kallon agogo, bas ɗin ƙarfe takwas ta yi ƙaho a bakin layi ta wuce. Baba bai motsa ba. Tururin ya ɗauke. Rudaina ta jira, ta ƙara jira, sannan ta sunkuyar da kai ta fara tattara ledarta, fuskarta tana kallon ƙofa.

A lokacin ne na ga leɓen Baba ya motsa. A hankali ya faɗa, kamar mai jin kunyar zaitun ɗin.

"Sha gahawarki, 'yata."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da ɗaure bakin ledar, tana share hanci da bayan hannu. Baba ya dube ni, idonsa cike da tambaya, ko fushi take yi da shi.

"Baba," na ce, "ta hagu ka faɗa mata."

Ya daɗe yana kallon kunnen nan, kamar ranar ce ya fara ganinsa. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zagaya teburin a hankali, ya zo ta damanta.